Mugun Sakataren da ke Cikin Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa tsige surukina daga kujerarsa da Turancin aji huɗu ba.

Ni ne shugaban ƙungiyar manoman unguwarmu a Kucheri. Sakatarenmu kuwa Malam Sani ne, mijin ɗiyata ta fari, mutumin da ko idona bai iya kallo. Muna da wata tsohuwar kwamfuta da yake tara takardun ƙungiya a ciki. Sai ta tsiro da iskanci: a buɗe takarda ta ƙi, ta tsaya tana ƙas-ƙas kamar kaza ta samu tsaba.

Na ce ni zan kai ta Gusau da kaina (shugaba ne fa, kuma na yi boko, kowa ya sani, don ba na barin kowa ya manta). Mai gyaran wani Chidi ne, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Amma ina shiga na yi mishi gaisuwar Turanci, gudumonin, da ƙarfi, don ya san ba da bagidaje yake magana ba. Shi kuwa ya ɗauke ni da gaske. Ya jona na'urarsa, ya daɗe yana duba, sannan ya ɗago.

"Baba, bad sekta ne. Shi ya cinye muku takardu. Ka gane ko?"

"Tun kafin ka faɗa," in ji ni.

Bad dai na san shi, mugu ke nan. Sekta kuwa, ai ko jariri ya san sakatare ne aka gajarce. Na bar mishi kwamfutar, na shiga mota ina huci har Tsafe.

Ranar taro na miƙe na gyara babbar riga. Na ce bincike na kimiyya ya tabbatar da mugun sakatare ne ya cinye takardunmu, kuma gaskiya ba ta san suruki ba. Malam Sani ya sunkuyar da kai. Har an fara shawarar wa za a ba biron.

Alhaji Mudi, abokin wasana, ya ce, "Kai da turancinka na kan buhun taki, wa yas shaida?"

Da na yi shiru, da an tashi lafiya. Sai na kira Chidi, na ƙure muryar waya don kowa ya ji.

"Maimaita ma jama'a abin da ka hwaɗa mini kan sakatare."

"Wane sakatare, Baba?" Sai ya gano. "Af, sekta! Ai faifan ajiya na cikin kwamfuta kamar gona yake, kunya-kunya. Sekta kunya guda ke nan. Wasu kunyoyin sun zama faƙo, abin da aka shuka ciki bai karantuwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na sa musu alama kada a sake shuka a wurin, na kwashe abin da ya tsira zuwa sabon faifai. Wanda ya karce kam ba ya gyaruwa."

"To mi ke kawo shi?" in ji Mudi, da muryar mai neman ilimi (munafuki).

"Tsufa, ko ɗaukewar wuta. Amma wannan buguwa ce. Akwai mai yawo da ita a babur?"

Kowa ya juyo gare ni. Duk garin mutum ɗaya ne ke ɗaure kwamfuta a bayan babur da roba, ya zagaya da ita majalisa-majalisa don a gani. Mudi ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Malam Sani ya jira aka lafa, kansa na ƙasa, biro a hannu. A hankali ya ce, "Baba, in sa wannan cikin bayanin taro, ko in tsallake?"

Na ce ya tsallake. Jama'a suka ce a sa. An sa, shafi guda da rabi, da kyakkyawan rubutu.

Washegari na je gidansa da goro, suruki babba a zauren ƙarami, ina ba da haƙuri da Hausa zalla. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ko na gane, sai in ce a'a, ko da gaisuwa ce.