Ranar da Sarkin Igiya Ya Ga Igiya

A duk faɗin lardin Aichi babu wanda ya san sirrin ƙera mota kamar Farfesa Kuramochi Shigenobu. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma wa ya isa ya yi musu da masani? Littafi bakwai ya rubuta. Mafi kauri a cikinsu, mai shafi ɗari shida, a kan igiya ɗaya tak yake magana: igiyar nan da ke rataye a saman layin haɗa motoci, wadda duk ma'aikacin da ya ga kuskure zai ja, layi ya tsaya cak sai an gyara. Saboda wannan littafi ɗalibai suka raɗa masa Sarkin Igiya. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka naɗi ne, har ya yi musu godiya.

Ku ji shi a aji, ya hura hanci, hannu ɗaya a bayansa: "Igiya ita ce 'yancin ƙaramin ma'aikaci. Wanda ya ga kuskure ya yi shiru ya ci amanar mota, ko da kuwa kuskuren na shugaban kamfani ne." Ɗalibai su duƙa su rubuta. Wata rana tsautsayi ya sa wani malamin sashen ya nuna masa cewa lissafin shafi na tamanin bai daidaita ba. Yanzu haka bawan Allah yana can Hokkaido, ƙurewar arewacin ƙasar inda aka cilla shi, yana nazarin taraktocin noman dankali.

Abu ɗaya ne kurum Farfesa bai taɓa yi ba a shekara talatin na bincike, kuma ɗan ƙaramin abu ne: bai taɓa taka ƙasan masana'anta ana cikin aiki ba. Zuwa kam ya sha zuwa, amma iyakarsa ɗakin taro na bene, a kawo masa koren shayi da alewar wake, a miƙo masa alƙaluma a takarda. Ya ce hayaniya tana hana zurfin tunani.

To, sai ga ritaya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Watan Maris zai bar jami'a, matarsa kuwa ta riga ta sanar da shi cewa shekara talatin da biyar tana cin abincin rana ita kaɗai cikin kwanciyar hankali, kuma ba ta da niyyar canjawa. Ana haka wani babban kamfanin motoci ya gina cibiyar horar da ma'aikata, yana neman wanda zai shugabance ta. Ofis, direba, da suna a jikin ƙofa. Farfesa ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, har ya fara gwada sa hannu irin na shugaba. Manajan masana'antar, Isogai, ya ce magana ta kusa ƙarewa, saura kawai ya zo ya zaga layi rana ɗaya, ma'aikata su ga wanda zai koyar da su.

Ranar zuwa Farfesa ya ci ado, ya rataya lambar yabon da ƙungiyar masana ta ba shi, wani faifan tagulla mai nauyi da ke lilo a ƙirjinsa. A bakin ƙofa shugaban rukuni, Nonomura, ya rusuna ya miƙa masa hula, ya roƙe shi ya cire agogo da zobe da duk wani ƙarfe, don fenti ba ya son ƙarfe. Agogo ya fita da ƙyar. Da aka zo kan lamba, Farfesa ya dafe ta.

"Nonomura-san, wannan ba ƙarfe ba ne. Tarihi ne."

Nonomura ya dubi Isogai. Isogai ya ja iska ta haƙora ya dubi rufi. Aka bar tarihi ya shiga.

Kai, ranar ma'aikata sun sha ilmi. Ya tsaya wurin mai ɗaura taya ya bayyana masa yadda ake ɗaura taya. Ya gaya wa mai sa kujeru cewa motsin hannunsa ya dace da babi na huɗu, ya taya shi murna. Haka har suka iso wurin duba ƙofofi, inda Hayakawa Tomie take, wata mata mai furfura da ta shekara ashirin da bakwai a wannan gurbi. Nan Farfesa ya hango mai ɗaukar hoton kamfani. Sai ya tsallake jan layin da aka shata wa baƙi, ya sunkuya a kan wata baƙar mota mai sheƙi, wai zai nuna yadda idon masani yake kallo. Mota kuwa ba ta san masani ba, tafiyarta take yi. Lamba ta yi lilo, ta sumbaci ƙofa, ta ja ƙiii tun daga mariƙi har baya.

Tomie ta ɗaga hannu ta ja igiya.

Fitila ta kama a allo, wani ɗan kiɗa mai daɗi irin na yara ya tashi, layi ya tsaya. Kowa ya juyo ya zuba wa Farfesa ido. Duk wanda ya yi kwana biyu a masana'anta ya san kowane gurbi yana da kiɗansa, don a san inda aka ja igiya. Farfesa ma ya rubuta babi guda a kan haka, sai dai a takarda kiɗa ba ya sauti. Ya ga an dakatar da aiki, ga kiɗa, ga jama'a suna kallonsa. Bakinsa har kunne, ya gyara lamba, ya rusuna gabas, ya rusuna yamma.

"Ban yi tsammanin wannan karramawa ba," in ji shi. "Amma a madadin ilmi, na karɓa."

"Sensei, yi haƙuri, ɗan matsa," in ji Tomie, tana kiransa malam da harshensu. "Ka tare mana ƙofar da ka karce."

Sai a lokacin ya ga zanen, fari tas a jikin baƙin fenti. Ya tambaye ta cikin fushi ko ta san wanda take magana da shi. Ta ce ta sani sarai, ai an raba musu littafinsa bara, ta karanta, har ta ja layi a ƙarƙashin inda ya ce ko da na shugaban kamfani ne. Wallahi ba gatse take yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Nonomura ya jawo allo, domin ƙa'ida ce in layi ya tsaya a tambayi dalili sau biyar har a kai ga tushe. Me ya karce ƙofa? Ƙarfe. Me ya shigo da ƙarfe? Baƙo ya ƙi cirewa. Me ya sa aka ƙyale shi? An ji nauyinsa. Isogai ya sake duban rufi. Me ya sa baƙon bai san illar ba? Sai Tomie ta ce a hankali ai bai taɓa ganin layi ba ne, wanda ya taɓa gani ba ya rusuna wa kiɗan igiya. Nonomura ya rubuta. Da aka zo tambaya ta biyar, wato me ya hana shi gani shekara talatin, sai ya miƙa wa Farfesa alƙalami da hannu biyu, ya ce wannan sai masani. Mai littafi bakwai ya kasa rubuta ko harafi.

Bayan mako guda wasiƙa ta iso, cike da ladabi. Ta yi maganar sanyin bana, ta yaba zurfin ilminsa, can ƙasa ta ambata cewa Nonomura ne zai riƙe cibiyar.

Amma kada ku ce Farfesa bai bar wa masana'antar komai ba. Su mutanen nan ba sa barin kuskure ya tafi a banza. Suka ɗinka wata riga mai laushi da ke rufe baƙo daga wuya har gwiwa, da lambarsa da tarihinsa duka, ma'aikata suka sa mata suna Kuramochi. Yanzu da zarar baƙo ya iso sai ka ji an ce a sa masa Kuramochi tukuna. Sunan Farfesa dai ya kai ƙofar cibiyar kamar yadda ya yi buri. Yana nan rataye a ƙusa ta bayanta, girma uku: ƙarami, matsakaici, da na farfesoshi.