Allurar da Na Karya a Laranto

Ba zan taɓa mantawa da satin gwajina a wani shagon intanet a unguwar Laranto da ke Jos ba, ko da yake shekarar ta ɗan shige mini. Ko 2005 ce ko 2006. Na gama bautar ƙasa, ina neman aiki ido rufe, sai Alhaji Sabo mai shagon ya ce, "Malam, ka yi sati ɗaya. In ka gyara kwamfutar teburina, aikin naka ne."

Matsalarta ɗaya: hoton da ke kan monita ya kumbura, kowane harafi kamar an rubuta shi da gawayi. A ƙa'ida, monita kan gaya wa katin hoto, wato na'urar cikin kwamfuta da ke aika mata hoto, sunanta da girman da take iya nunawa, ta cikin kebul. Wannan kuwa ta yi gum.

Nan take na gano mai laifi (haka na zata). Sashen da ke karanta bayanin monita an cusa shi ne cikin direban katin, wato manhajar da ke sa katin aiki. Ni kuma ra'ayina tun a jami'a shi ne a ware wannan sashe ya tsaya da ƙafarsa, ya yi wa kowane kati aiki, in ya lalace a san inda za a duba. Na rubuta wa Alhaji bayani shafi shida, kowane sakin layi da "mai yiwuwa" a ciki.

Oga Emeka, mai sayar da tsofaffin kwamfutoci a shagon kusa, ya leƙo ya ce, "Injiniya, kati ne ya san hanyan wayansa. Ka bar abu a cikin gidansa. Mutum biyu su riƙe waya ɗaya, faɗa ne."

Na ce masa, cikin ladabi, wannan tsohon tunani ne.

Kwana huɗu na yi ina haɗa tawa manhajar. Ran Asabar na tara Alhaji da Oga Emeka da wasu kwastomomi uku da ke jiran layi, na danna maɓalli. Ba amsa. Na sake. Na ce wataƙila sanyin Jos ne (Allah ya yafe mini).

Oga Emeka ya matso. Ya zagaya baya, ya zare kebul ɗin, ya kai shi bakin taga yana ƙirga ƴan alluran da ke kansa.

"Allura ɗaya ba ya nan. Ta nan monita yake magana. Wane ne ya cire?"

Ni ne. Ranar farko, da nake share ƙura, na ga ta lanƙwashe tana hana kebul ɗin zama daidai, sai na sa filaya na karya ta. Hoto bai ɗauke ba, na ce ashe ba ta da amfani. Har na rubuta a littafin aikina: "An cire allura maras amfani." Da Alhaji ya tambaya, ni da kaina na buɗe shafin na nuna masa.

An sa sabon kebul, direban katin ya karanta monita kafin in rufe baki. Alhaji ya yi dariya har da tari, sannan ya miƙo hannu. "Mutumin da ke rubuta laifinsa da kansa ba zan kore shi ba. Amma kawo filayar nan."

Na koyi duba kebul kafin in zargi wanda ya tsara manhaja. Amma ra'ayina ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Ran Litinin da safe na gwada tawa manhajar da sabon kebul, ta karanta tsaf. Sai dai ba kowa a shagon.

Duk wanda ya halarci abin, in na yi kuskure ya aiko da gyara. Banda Oga Emeka, wanda har yau yake cewa allura uku na karya.