Ƙwaryar Majalisa da Ƙwan Zabuwa

A wani daji da ke bayan wani busasshen kogi, majalisar dabbobi tana da rumbu guda cike da ƙore. Mai bukata ya ara, in ya gama ya mayar, a miƙa wa na baya. Gafiya ce ke riƙe da rumbun. A da takan wanke kowace ƙwarya kafin ta bayar, amma da layi ya yi tsawo sai majalisa ta ce wanki ɓata lokaci ne, ai wanda ya karɓa zai zuba nasa a kai.

Zabuwa ta ari ɗaya, ta kwashe ƙasar da ta tona a inda ta ɓoye ƙwanta goma sha ɗaya, ta mayar har da godiya. Bayan kwana biyu ta dawo daga kiwo ta tarar da ɓawo warwatse. Uku kacal suka rage. Wurin kuwa ko mijinta bai sani ba.

Da majalisa ta taru aka tuhumi Tunku da shan ƙwan, bai ko musa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Burtu, shugaban zaman, "ban fasa rumbu ba, ban bi sawun kowa ba. Ƙwarya na roƙa, aka ba ni, na shinshina na mayar, na sake roƙa. A ta tara na ga jar ƙasa da ɗan gashin zabuwa manne a ciki. Jar ƙasa kuwa gindin suri ɗaya take a dajin nan. Abin da hukuma ta miƙo mini da hannunta, laifi ne don na duba?"

Zabuwa ta juya. Ta dubi Gafiya.

"Yaya, sau tara yana zuwa, ba ki tambaye shi me yake zubawa ba?"

Gafiya ta ce ita bayarwa aka sa ta. Doka ta ce a ba da ƙwaryar da ba ta hannun kowa, ba ta ce wadda ba komai a ciki ba.

Burtu ya jajanta sosai, ya nuna cewa wanke duka zai dawo da dogon layi, sannan ya yanke hukunci.

"Daga yau, duk mai abin ɓoyewa ya tsaya a bakin rumbu ya faɗa da ƙarfi abin da ya zuba da inda ya ɗebo, don a san wadda za a wanke."

Zabuwa ta tuna ƙwai ukun nan, waɗanda ba ta da abin sauya musu wuri sai ƙwaryar rumbu.

Tunku ne ya fara goyon baya. Ya kuma roƙi alfarmar a ba shi wurin zama kusa da ƙofa, saboda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.