Yadda Za Ki Yi Alƙalanci Tsakanin Baƙar Gem da Mai Ruwan Toka

'Yar'uwa, matso kusa. In kin bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari cikin wata guda za ki zama gwana a sanin hoton tsofaffin na'urorin gem, irin na wasan da ake jonawa a talabijin, ko da kunna talabijin sai an taya ki. Ni a kan 'ya'yana na gwada, Dogo da Auta, ƙarti masu furfura a gemu, waɗanda suka shekara biyu ba sa zama ɗaki ɗaya saboda wata magana da su kansu sun manta farkonta. Wannan ya zo gaishe ni da safe, wancan sai la'asar.

1. Tono kayan

Ki leƙa ƙarƙashin gado, bayan tsohon keken ɗinki. Akwai kwali. A nawa na tarar da na'urori biyu na ƙuruciyarsu, baƙar ta Dogo, mai ruwan toka ta Auta. Kada ki goge ƙurar duka, ita ke sa a ɗauka kin daɗe a harkar.

2. Nemi ilimi, amma kaɗan

Je wurin mai gyaran talabijin na bakin layi. Ni ga abin da ya ce min: "Inna, kowacce da irin ƙwaƙwalwar hotonta. Baƙar gudu gare ta, amma launi sittin da huɗu take iya nunawa lokaci guda. Mai tokar ɗari biyu da hamsin da shida, har tana juya ƙasar cikin hoton kamar faifai, sai dai in abubuwa sun yi mata yawa ta kama haki."

Haddace iya nan. In ya ɗauko sukudireba zai nuna miki ciki, ki ce kin bar tukunya a wuta.

3. Jefa magana ki kau da kai

Da safe, kina tsintar shinkafa, ki ce wa babban: "Ashe taka launi sittin da huɗu ne kacal? Haka na ji." Da la'asar ki ce wa ƙaramin: "Ashe taka haki take yi?" Kada ki faɗi inda kika ji. Kowa zai zargi ɗan'uwansa, kuma ba ki yi ƙarya ba. Ranar Asabar za ki ga takalman mutum biyu a bakin ƙofa.

4. Sai dai talabijin mai doro

Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa. Za su so su jona a sabuwa, shafaffiyar nan ta bango. Ki ƙi. Ki ce mai gyara ya ce tsohuwar gem ba ta nuna gaskiyar hotonta sai a mai doro. Tawa ramin waya ɗaya gare ta, shi ma ya saki, in ba a riƙe wayar da hannu ba sai yayyafi ya cika gilashin. Kin ga ke nan in ɗaya zai buga, dole ɗayan ya tsuguna a baya ya riƙe masa.

5. Bar su su yi

Dogo ne ya fara. Ya hura kaset ɗin wasan sau uku kamar mai hura gawayi, ya danna shi cikin na'urar. Auta na bayan talabijin.

"Malam, ɗaga wayar," in ji Dogo.

"Wane ne malam?"

"Kai mana. Hagu kaɗan."

"Yaya, ko na kai ta sama, itatuwan nan naka ba za su yi kore ba. Kamar zanen da ya sha wanki."

"Amma ka ga gudu?"

"Ina zan gani? Bango nake kallo."

Na ji ya ce Yaya, ban ɗago ba. In kika nuna kin ji, kin ɓata aikin. Da aka juya, Dogo ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, Auta ya miƙa masa matashi ba tare da ya kalle shi ba.

6. Hukunci

A ƙarshe za su juyo gare ki. Cire tabarau, ki matsa kusa, ki ce "uhm" sau biyu. Ni ba tabarau ko kyanwa ba na bambanta da tulu, amma masani ba ya gaggawa. Ki ce baƙar ta fi ƙafa, mai tokar ta fi fuska, kuma hasken taga ya hana ki tantancewa, su dawo Asabar mai zuwa.

Duk rintsi kada ki zaɓi ɗaya. Ranar da kika yanke, wa zai riƙe wa wani waya?

Abin lura: ba ruwana da ciwon gwiwa, ko matan da za su bugo suna neman mazansu, ko shinkafar da za ta riƙa ƙarewa da wuri. Mu yanzu Asabar ta goma sha ɗaya muke, hasken taga bai gyaru ba. Wanda kuma ya kai min talabijin gyaran ramin waya, ni da shi ne.