Waƙar da Na Ja a Auren Rahila

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Rahila ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu Tawa ba za su bar ni ba. Har yau akwai wata mai sayar da albasa a kasuwa da in ta gan ni sai ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ban san ta ba, amma na tabbata a wayar wani ta gan ni.

Mu Kirista ba mu da yawa a garin nan. Majami'armu ɗaki ne guda mai rufin kwano, in damina ta kwashe mutane zuwa gona sai ka ga benci ya fi masu zama yawa. Kowa ya san kowa, har abin da aka dafa jiya a gidanka an sani. A cikin wannan 'yar jama'a ni ce mai jan waƙa: in ɗauko baiti, mata su amsa. (Kuma gaskiya ina da murya. Shi kaɗai ne abin da zan yabi kaina da shi a labarin nan, don haka ku bar ni in faɗa.) Mijina Iliya, uban yarana, shi ne mai ganga. Aikinsa allurar dabbobi, kullum yana kan moto, wato babur, yana bin rijiyoyin makiyaya wajen Affala da Tebaram, amma duk inda yake, Lahadi a gida take samunsa. Ba mu taɓa zama mun tsara waƙa ba. Zai taɓa ganga, ya ɗaga mini gira, ni kuwa na riga na san wadda yake nufi.

Wata damina ya dawo daga Tebaram jikinsa da zafi. Ya ce gajiya ce, ya sha magani ya kwanta. Da muka kai shi asibiti an riga an makara. Haka kawai. Mutumin da ya fita da ƙafarsa yana yi mini tsiya a kan miya ta yi gishiri, sai ga mu mun dawo da takalmansa a leda.

Ranar da aka binne shi, mata suka yi waƙar da muke raka mamaci da ita. Waƙa ce mai sanyi, tana gode wa Allah saboda kwanakin da ya ba wanda ya tafi, tana cewa ba ɓata ya yi ba, gida ya koma. Ni na saba janta a kan gawar wasu. Ranar nan sai wata ta ja, ni ina tsaye ina kallon ƙasa.

Daga nan ne na shiga wani hali da ban gaya wa kowa ba. A waje, babu wadda ta kai ni haƙuri. Duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce, "Mun gode Allah, haka ya so." Ban daɗe ba na koma majami'a, na ɗaura ɗankwalina tsaf, na ci gaba da jan waƙa. Mata suna nuna ni ga 'ya'yansu, suna cewa a dubi bangaskiya. (Ni kuma ina jin daɗin hakan, Allah ya gafarta mini.) Amma in na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ko kalma ɗaya ba na iya ce wa Allah. Zan durƙusa, in rufe ido, sai in tsinci kaina ina tunanin ko hatsi zai kai mu kaka. Daga baya ma na daina durƙuson. Gaba nake yi da Shi, irin ta maƙwabtan da in sun haɗu gidan biki su gaisa da fara'a don idon mutane, in sun haɗu a lungu kowa ya kau da kai.

Ana nan sai auren Rahila ya taso. Rahila yarinyar majami'armu ce, tun tana ƙarama take tsaye bayana cikin masu amshi, a hannuna ta koyi waƙa. Angon ɗan garin Kalfu ne, danginsa kusan duka Musulmi, kuma sun yi alkawari za su zo da yawa. Don haka kowa ya ɗaura aniyar a fita kunya. Aka yi wa majami'a fenti, aka kafa rumfa a waje, aka aro lasifika babba don waɗanda ba su samu wuri a ciki ba.

Ana saura kwanaki kaɗan, Mama Hannatu, matar fastonmu, ta ja ni gefe. Tsohuwa ce mai magana a hankali, ba ta cika tambaya ba sai ta riga ta san amsa.

"Ɗiyata, za ki iya kuwa? In da nauyi, a ba Saratu ta ja."

Saratu! Wadda in ta hau sama sai an bi ta da tsani. Na yi dariya na ce, "Haba Mama, ni da ba a taɓa tuna mini baiti ba? Ki kwantar da hankalinki."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Asabar ta zo da zafi tun da safe. Majami'a ta cika maƙil, rumfa ta cika, har a kan katanga akwai masu leƙe. Mutanen Kalfu suka zauna a gaba, cikinsu akwai gwaggon ango, wata Hajiya mai jiki da murya, wadda tun shigowarta take fifita da bakin gyale. Ni kuma na sha sabon ɗinki, na riƙe mikro, abin maganar nan, kamar da shi aka haife ni. Aikina ɗaya ne: in amarya ta sako ƙafa, in ɗauko waƙar shigowar amarya, mai zafin kiɗa, wadda ko gurgu ya ji sai ya motsa kafaɗa.

Aka ce ga ta nan. Sabon mai gangarmu ya taɓa fata. Ni kuwa, bisa sabo, sai na waiwaya wurin da Iliya yake zama don in ga girarsa. Na ga wani mutum daban a kan kujerar.

Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar shi ne, waƙar amarya da waƙar mamaci duka da "Mun gode" suke farawa. Na rufe ido, na ce "Mun gode", sai bakina ya bi hanyar da ya ga dama.

Ku yarda da ni, ban san me nake yi ba. Abin da na sani kawai, ban taɓa jin muryata ta fita haka ba. Tana tashi daga can cikin ciki, tana cika ɗakin. Na ji ganga ta tsaya, na ce a raina sabon nan bai iya ba ne. Na ji mata ba su amsa ba, na ce daɗin muryar ne ya ɗauke musu hankali. (Kun ji girman kai.) Haka na ci gaba, ina gode wa Allah saboda kwanakin da ya ba wanda ya tafi, ina sanar da jama'a cewa ba ɓata ya yi ba, gida ya koma.

Da na buɗe ido, Rahila tana tsaye cak a tsakiyar hanya cikin farin kaya, ta kasa gaba ta kasa baya. Ango ya buɗe baki. Fasto ya cire tabarau ya mayar. Wasu tsofaffinmu sun riga sun fara share hawaye, don jikinsu ya saba, da sun ji waƙar nan sai kuka. Gwaggon ango ta dubi mai kuka a damanta, ta dubi ta hagunta, sai ta ɗaga murya yadda har na kan katanga sun ji:

"Inna lillahi! Wai mi ya hwaru? Wa ya rasu?"

A nan na gane. Da mutum ne mai hankali, da sai ya yi shiru, ya ba da haƙuri, ya ɗauko waƙar da ta dace. Ni kuwa na buɗe baki zan ce a yi haƙuri, sai kuka ya fito. Ba hawaye na mutunci ba, irin wanda ake gogewa da bakin zane. Kuka ne mai shessheƙa da jan hanci, wanda na tara tun damina. Kuma ban ajiye mikro ba. Na ƙanƙame shi a bakina da hannu biyu, lasifikar aro tana raba kukana ga unguwa kyauta. An ce har mai shagon bakin titi ya rufe ya taho gaisuwa.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji wata siririyar murya daga benci na biyu ta ɗauki baitin daidai inda na yar da shi. Mama Hannatu ce. Muryarta tana rawa, ba ta ma kan kiɗa, amma ba ta tsaya ba. Saratu ta bi ta. Sai mata, sai maza, har ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Suka rera waƙar mamaci har ƙarshenta a ranar aure, ni ina tsaye a gabansu ina kuka, su suna faɗar kalmomin da na kasa. Rahila ta tako a hankali ta iso gaba a cikin waƙar. Da aka kai ƙarshe mai ganga ya juya kiɗa, Saratu ta ɗauko ta amarya, ni kuma na sulale ta ƙofar baya.

Bayan majami'a na tafi, inda aka girke tukwanen shinkafa. Na zauna a kan turmi ina fatan hayaƙi ya ɓoye ni. Bayan an ɗaura aure sai ga Mama Hannatu, bayanta kuma gwaggon ango. Na ce shi ke nan, yau sai an wanke ni tas.

Hajiyar ta durƙusa da ƙyar ta kama hannuna. "Ɗiyata, yanzu anka hwaɗa min. Ban sani ba. Allah shi ba ki haƙuri." Amma ba mace ba ce mai riƙe tambaya a ciki. "To amma ku, abin naku na ban mamaki. Ana kuka ana godiya, har da waƙa. Ta ƙaƙa?"

A da, da na zuba mata bayani har ta gaji. Ranar nan kuwa Mama Hannatu ce ta amsa.

"Hajiya, ba don komi ya yi daɗi muke yabo nai ba. Shi ya ba mu Iliya, mun kuwa ji daɗin zama da shi. Mun kuma gaskata yana hannu nai. In munka ce sai randa komi ya yi daidai za mu yabe shi, sai mu mutu ba mu buɗe baki ba."

Hajiyar ta gyaɗa kai. "Mu ma ko an yi rashi Alhamdu lillahi muka cewa. Sai dai mu ba mu sa ganga."

Da ta tafi, na ce, "Mama, tun da aka binne shi ban yi addu'a ba. Ko sau ɗaya. A nan kawai nake buɗe baki."

Na ɗauka za ta firgita. Sai ta ɗauki ludayi ta juya miyar da ba tata ba.

"Na sani. Na ji a muryarki." Ta rufe tukunyar. "Shekarar da na binne ɗana na fari, na daɗe ko Amin ban iya cewa. Sai in zo in zamna bayan mata, su yi waƙa, ni in jingina da tasu. Amfanin taro ke nan, randa naki ya ƙare a ɗauke ki. Amma taro ba ya bin ki ɗaki. Abin da ke tsakaninki da Shi, ke za ki hwaɗa mishi da bakinki, ko da hwaɗa za ku yi."

Uwar amarya ba ta amsa gaisuwata ba har aka watse, kuma ban ga laifinta ba. 'Yarta guda, aurenta guda, na mayar mata da shi zaman makoki a gaban surukai. Sai da na yi ta sintiri gidanta kafin ta sauko. Rahila ce ta ƙarasa karya ni. Da na je ba ta haƙuri a ɗakinta, ta riƙe ni ta ce, "Tanti, tun ina yarinya Baba Iliya yake cewa shi zai buga mini ganga ranar aurena. Da kika ɗauko waƙar nan, sai na ji kamar an ambace shi a wurin. Ni ban ji haushi ba." Muka zauna muka ɓata mata kwalliya tare.

Washegarin auren, ranar Lahadi, bayan an taso daga sujada, da rana tsaka, na aika yara gidan maƙwabta na rufe ƙofa. Ban durƙusa ba, zama na yi a tabarma na miƙe ƙafa. Na ce, "Ni ce. Ka san abin da ya kawo ni." Daga nan na zazzage masa komai, babu ladabi, babu kalmomin da muke jerawa a gaban jama'a. Na tambaye Shi me Iliya ya yi. Na tambaye Shi yaya zan yi da yaran nan. Ban ji amsa ba. Amma can da na gaji, na ji bakina ya ce na gode da Ka ba ni shi tun farko, kuma wannan karon babu mai kallona balle in ce don shi na faɗa.

Har yanzu ni nake jan waƙa, ko da yake akwai Lahadin da nake komawa baya in bar wa Saratu tsaninta. Da Rahila ta haihu aka ce in yi waƙa a wurin suna, ina miƙewa gwaggon nan ta Kalfu ta ɗaga hannu ta ce, "A dakata! Ɗiyata, hwaɗa min tun yanzu wacce za ki yi, in san ko in shirya gyalena."

Abin da na koya dai shi ne, kukan da mutum ya hana kansa a ɗaki ba ya yafewa, jira yake sai ranar da ka sha sabon ɗinki. Don haka duk mai wata magana da Allah, ya je ya yi ta da wuri a bayan ƙofa. In kuwa ta riga ta kubce masa a gaban jama'a, to don Allah ya fara ajiye mikro.