Rawar Bazata a Kasuwar Mafara

A waya na ga taro yana ɓarkewa da rawa ba zato, na ce da haka zan tallata sabon shagona. Na tara abokai goma, na koya musu taku, ni gwani. In na jefa hula sama, kowa ya shigo.

Ranar kasuwa, tsakiyar 'yan albasa, na jefa hula na kama juyi. Matsoratan ba wanda ya motsa, suna bayan buhuna suna ɗaukata a waya.

Wani dattijo ya ce, "Ku danne shi, iskokinai sun tashi!" Aka danne ni, aka yi ta tofa mini addu'a.

Labari ya kai kunnen surukina. Har yau in na gaida shi sai ya ce, "Ya jiki? Sun lafa?"