Ƙafafun Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗan da aka haifa wa yayana Idi, ko da duk karatun da na yi zai zube daga kaina. Ina shekara ta uku a karatun likita a Yamai, shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, aka ba mu hutu, na hau mota zuwa ƙauyenmu kusa da Filinge. Tun daga tasha ake ce mini "Dokta", ni kuma ban hana kowa ba (ko allura ban taɓa yi wa mai rai ba a lokacin).

Abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne jarrabawar ƙoda da na ci da kyau. Na haddace darasin tsaf. Ƙoda na tace jini, sai wani gishiri da ake kira fosfat, wanda ƙashi ke ƙarfi da shi, ya bi ruwan. A jikin ƙwayoyin ƙodar akwai 'yan ƙofofi da ke maido shi cikin jini. In gishirin ya yi yawa a jini, ƙashi ya aiko saƙo, ƙwayar ta karɓa daga bakin ƙofa, ta miƙa shi ciki daga wannan zuwa wancan, har a janye ƙofofin, gishirin ya fita da fitsari. Ko daga barci aka tashe ni zan karanto wannan.

Bayan an raɗa suna na shiga cikin gida gaida mai jego, Ramatu, matar Yaya. Mata cike da tsakar gida, har da uwarta da ta zo daga Bonkuku. Sai ga Balki, 'yarsu ta fari mai shekara huɗu, ta taho wurina da gudu tana rangaji, ƙafafunta sun gwame kamar baka. Na ɗauke ta, na latsa gwiwoyinta, na gyara murya.

"Ramatu, yarinyar nan rashin abinci ke damunta. Ba ki ba ta nono, kuma kina kulle ta a ɗaki ba ta shan rana. Wannan sakaci ne."

Har da kalmomin Faransanci biyu na ƙara, don kada wata ta yi shakka. Tsakar gida ta yi tsit. Ramatu ta sunkuyar da kai kan jaririnta. Uwarta ta kau da fuska. Ni kuwa na ɗauka shirun na girmamawa ne, na ci gaba.

Innata na zaune kan turmi. Ta bari sai da na numfasa, sannan ta ce, "Dokta, ka gama?" (Ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba, ba ta kuma sake ba.)

Ta miƙe a hankali, ta ɗage zanenta zuwa gwiwa a gaban kowa.

"Duba nan. Mi kag gani? Ubana na da shanu, cikin nono nit tashi. Wa yah hana mini abinci? In ba su ishe ka ba, tahi ka ce ma yayanka shi ɗage wandonai."

Ƙafafun Balki ne sak, sai dai na tsohuwa. Shekara ashirin da uku ina ganin Inna tana rangaji in ta ɗauko ruwa, ban taɓa tambayar dalili ba. A wurina haka Inna take tafiya. Yaya Idi kuwa, gajere mai gwame, labarin da na tashi da shi shi ne ya faɗo daga jaki yana ƙarami. Na tsaya riƙe da yarinya, na rasa inda zan ajiye idona. Balki ta kama alƙalamin da na soke a aljihu don ado tana wasa da shi.

Wadda na ci wa fuska ita ta cece ni. Ramatu ta ɗago ta ce, "Inna, ku bar shi, son ɗiyar yas sa shi." Ta turo mini ƙwaryar fura. Na sha, ba don ƙishi ba, don in ɓoye fuskata a ciki.

Washegari na je ba Ramatu haƙuri. Nan ta faɗa mini cewa tun da ƙafafun suka fara lanƙwasa take ba Balki nata rabon nonon, tana zargin kanta ita kaɗai. "Abin da kac ce, ni ma shi nike ce ma kaina kullum."

Da na koma Yamai na ba wani malaminmu labarin. Ya sa aka kawo Balki, aka auna jininta da fitsarinta. Ya nuna mini takardar sakamakon ya ce, "Karanto mini darasin ƙoda." Ina cikin karantowa na tsaya. A jikin Balki saƙon nan da ƙashi ke aikowa ba ya yin shiru, ƙodarta kuma mai biyayya ce: kullum ƙofofin a janye, duk fosfat ɗin da uwarta ta ciyar da ita yana bin fitsari. Gado ne, daga Inna zuwa Yaya zuwa gare ta. Daga gidanmu abin ya fito, Ramatu ba ta da hannu a ciki.

An ɗora Balki kan magani, sau da yawa a yini, Ramatu ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ƙafafun ba su miƙe sarai ba, amma sun miƙe, ta yi makaranta da su har ta gama.

Yau in aka kawo mini yaro mai gwame, ba na buɗe baki sai na ce a kira kakarsa ta ɗan taka a gabana. Ma'aikatana na cewa ni likita ne mai zurfin tunani. Ban gaya musu tsoron tsofaffi nake yi ba.